Abin da Na Ɓoye a Kwamfutocin Kawu

Kawuna yana da shagon buga takardu a bakin ƙofar wata babbar makaranta. Kwamfuta biyar ne a ciki, da firinta biyu, da na'urar fotokofi, da ɗan lungun da aka rataya farin ƙyalle don ɗaukar hoton fasfo. Da na gama karatu ina zaman jiran a kira mu hidimar ƙasa, sai ya ce in riƙa zuwa ina kama masa, tunda dai kwamfutar na karanta. Doka ɗaya ya kafa mini ranar da na fara, ita ce kuma ya kafa wa kowa a shagon: kada a sa wa kwamfutocin nan komai sai an gaya masa. Na ce to. Ba a yi wata biyu ba na karya ta, kuma wani ne ya fara ɗanɗana kuɗar abin da na yi kafin ni.

Abin ya samo asali ne daga wata 'yar ɗabi'a da hannuna ya koya. A makaranta Linux nake amfani da shi a kwamfutata, mai fuskar KDE. A can, a wancan lokacin, idan kana son matsar da taga, sai ka danne maɓallin Alt, ka kama ta da linzami ta ko'ina, tsakiya ko gefe, ka ja ta inda kake so. Idan da maɓallin dama na linzamin ka kama, girmanta za ka canja. Shekara uku ina haka har ya zame mini jiki. Da na zo shago na tarar da Windows, sai na ji kamar an ɗaure mini hannu ɗaya. A Windows taga ba ta janyuwa sai ta goshinta, wato siririn layin nan na sama inda sunanta yake. Dole ka tura kibiya can ka saita ta a kai, ga shi manhajojin zamani sun cika goshin da shafuka da maɓallai har wurin kamawar ya koma bai fi faɗin yatsa ba. Wani lokacin ma taga takan shige can sama, goshin ya fita daga fuskar kwamfutar, kana ganin jikinta amma ba ka da inda za ka kama.

Wanda ba ya yini a gaban kwamfuta zai ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Amma mai aikin shago yana buɗe da takardar da aka yi wa sikanin a gefe guda, Word a ɗaya gefen, ga burauza, ga foldar hotuna, yana jawo wannan yana ture wancan tun safe har bayan isha'i. Har yau ban ga laifin sauƙin da na nema ba.

Neman mafita ya kai ni ga AutoHotkey, wata manhaja ta kyauta da Chris Mallett ya fitar a 2003. Aikinta ta tsaya tsakanin hannunka da Windows. Kana rubuta mata 'yan layukan umarni a fayil, ka ce idan an danna kaza a yi kaza, ita kuma ta kasa kunne ga kibod da linzami tana aiwatarwa. Cikin misalan da ake bayarwa tare da bayananta akwai guda biyu na jan taga. Ɗaya da Caps Lock yake aiki ko maɓallin tsakiya na linzami. Ɗayan kuwa kwaikwayon KDE ne sak: Alt da hagu ka ja taga, Alt da dama ka canja girmanta. An kuma ƙara masa wata dabara, ka danna Alt sau biyu a jere ka riƙe, sai dannawar hagu ta naɗe tagar ƙasa, ta dama ta buɗe ta ta cika fuska, ta tsakiya kuma ta rufe ta gaba ɗaya. Da na karanta sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙon wuri.

Ban so in kwafa kawai ba, so nake in rubuta nawa in fahimci kowane layi. Na yi dare da yawa a kai bayan an tashi. Na farko da na rubuta, ina kama taga sai ta hau karkarwa kamar mai masassara. Na daɗe kafin in gano dalili. Idan ba ka gaya wa manhajar ba, daga kusurwar tagar da ake aiki a kai take auna inda linzami yake. To tagar ita ce ke motsi. Da ta matsa sai awon ya nuna kamar linzamin bai gusa ba, sai ta koma inda ta taso, sai awon ya sake nuna ya gusa, haka dai ba iyaka. Kamar mutum ne yana cikin kwalekwale yana auna tafiyar da ya yi daga bakin kwalekwalen. Layi ɗaya ya gyara shi, umarnin CoordMode da ke cewa a auna daga kusurwar fuskar kwamfutar, wadda ba ta zuwa ko'ina. Bayan nan sai tagar ta riƙa bin linzami da tsalle-tsalle, domin manhajar tana ɗan dakatawa na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan kowace matsarwa. Na rage wannan jinkirin da SetWinDelay, tagar ta koma bin hannu sumul. Wani dare kuma na danne Alt a inda babu taga, na ja, sai ga dukkan 'yan tambarin da ke fuskar kwamfutar sun biyo ni gefe. A ranar na san cewa a wurin Windows shi kansa faifan fuskar taga ne, Progman ake kiran ajinsa, haka ma layin ƙasa mai agogo, Shell_TrayWnd. Na rubuta cewa a ƙyale waɗannan biyun.

Wa'adin da ke tsakanin dannawar Alt ta farko da ta biyu kuwa, a misalin asali bai kai rabin daƙiƙa ba. Ni na ga ya yi mini kaɗan, sai na mayar da shi daƙiƙa ɗaya cur.

Na kawo duk wannan ne don a ga cewa ba da ka na yi aikin ba. Na yi tunanin kusurwa, na yi tunanin jinkiri, na yi tunanin tagar da ta cika fuska. Mutanen da za su riƙe linzamin ne kaɗai ba su zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Mu huɗu ne ma'aikata ban da Kawu. Akwai wata baiwar Allah da muke kira Anti, ta fi shekara goma tana buga wa ɗalibai furojet a shagon. Akwai mai zanen katin biki da kalanda. Sai wani yaro da bai daɗe da gama sakandare ba, shi ke ɗaukar fasfo yana gyarawa, shi ke cike wa mutane fom a intanet. Sati-sati ake biyansa, kuma kowa ya san mahaifiyarsa yake kai wa.

Wani dare da aka bar ni in rufe shago, sai na ce me zai hana kowa ya sha wannan daɗin. Na mayar da rubutun nawa manhaja mai zaman kanta da Ahk2Exe, don kada sai na sa AutoHotkey a kowace kwamfuta. Na zuba ta a foldar da Windows ke tayar da abin da ke cikinta duk lokacin da aka kunna. A al'ada, idan irin wannan rubutun yana aiki, akwai ɗan koren tambari mai harafin H da ke zama kusa da agogo, wanda kowa zai iya dannawa ya dakatar da shi ko ya kashe. Na sa layin #NoTrayIcon, tambarin ya ɓace. Sannan na raɗa wa fayil ɗin suna mai kama da na kayan Windows. A lokacin na gaya wa kaina cewa don kada kwastoma su kashe shi ne garin taɓe-taɓe. Gaskiyar kuwa ita ce na san dokar Kawu, na san idan ya ga baƙon tambari zai tambaya, ni kuma ban so a tambaye ni. Nufina sai sun ji daɗin abin in fito in ce ni ne. Ban tsaya na lura cewa wanda bai san abu yana nan ba, ba shi da hanyar jin daɗinsa ba. Illarsa kaɗai za ta iya samunsa.

Washegari da hantsi yaron ya kira ni. Yana gyara fasfon wata mata a Photoshop, yana son goge wani tabo a jikin farin ƙyallen bayanta. Kayan aikin da ake kwafo wuri mai tsabta a shafa a kan tabo, da Alt ake nuna masa inda zai kwafo: ka danne Alt ka danna wurin. Ya yi ya yi, Photoshop yana ce masa bai nuna wurin kwafowa ba. Rubutuna ne ke haɗiye dannawar kafin ta isa. Kuma da yake tagar Photoshop ta cika fuska, na riga na rubuta cewa kada a ja irin wannan tagar, don haka ba abin da ya motsa, ba wata alama. Dannawar kawai ta shiga rami.

Na tsaya a bayansa ina kallo, kuma a take na gane. Maimakon in faɗa, sai na ce masa ya yi amfani da wani kayan gogewar, zan duba daga baya. Na ƙudura zan gyara da daddare in cire Photoshop daga ciki. Daren nan aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, muka tashi da wuri. Washegari aiki ya yi yawa, na ce sai gobe.

Anti ba ta kira kowa ba. Ita tana da wata dabara a Word da ni mai digirin ban sani ba: idan ka danne Alt ka ja linzami, rubutu yakan zaɓu a tsaye kamar ginshiƙi, sai ka goge jerin lambobin da ke farkon layi hamsin a lokaci ɗaya. Da ta gwada sai ta ga abin ya ƙi. Ta cire linzamin ta hura, ta goge shi da gefen mayafinta, ta karɓi na wata kwamfutar, duk ɗaya. Ta sa Kawu ya sayo sabo. Da shi ma ya ƙi, sai ta yi shiru ta koma goge lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Kwana na huɗu aka yi babbar ɓarnar. Ranar ƙarshe ce ta wata rajista, shago ya cika har waje. Wani dattijo ya zo da 'yarsa tun safe suna bin layi, sai bayan la'asar aka kai kansu. Yaron ya yi kusan awa ɗaya yana cike fom ɗin saboda intanet na jan ƙafa, ya ɗora hoto, ya ɗora takardu, aka zo shafin biyan kuɗi. Yana tsallakawa tsakanin burauza da takardar yarinyar da Alt da Tab, ya leƙa ya dawo, ya leƙa ya dawo, hannunsa na dama kuma yana kan tayar linzami. Tayar wannan linzamin ta saki, ko murza ta ka yi da ɗan ƙarfi sai ta dannu. Alt sau biyu cikin daƙiƙa ɗaya, ga dannawar tsakiya. Burauza ta rufe ba tambaya. An riga an cire kuɗi daga asusun dattijon, rasit bai fito ba. Da aka sake buɗewa shafin ya ƙi shiga saboda cunkoso. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi yaron ya ce, «Ɗana, da ka ce mini ba ka iya ba, da na tafi wani wurin tun safe.» Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa ta juya fuskarta wajen titi. Kawu ya mayar masa da kuɗinsa daga aljihu, suka tafi, kuma ban sake ganinsu ba.

A daren Kawu ya kira mai gyara. Ya zo da safe, ya saurari ƙorafin kowa, ya buɗe jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, ya sa yatsa a kan fayil ɗina. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Ga manhaja ba a san mai ita ba, ba ta da tambari, ta ari sunan da ba nata ba, tana tashi da kanta, tana sauraron kibod da linzami, kuma tana cikin kwamfuta biyar. Duk wanda ya san aikinsa zai ce irin manhajar nan ce ta satar lambobin sirri. Ya gwada ta da manhajar kashe bairos, ita ma ta ɗaga jan tuta, domin rubutun AutoHotkey da aka mayar manhaja sau da yawa yakan jawo irin wannan zargin, saboda ɓata-gari ma suna amfani da shi. Ya ce bairos ne, kuma ta filash irinsa ke yaɗuwa. Ya tambaya wa ke soka filash ɗinsa a kwamfutocin nan.

Kowa ya juya ya kalli yaron. Yana da wani ɗan jan filash da yake ratayawa tare da makullinsa.

Ina tsaye a jikin na'urar fotokofi, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Ina hango sunan fayil ɗin a fuskar kwamfutar, sunan da ni na zauna na zaɓa. Magana ɗaya ce ta rage in yi. Da na yi ta, da an goge fayil biyar cikin minti biyar, a sake kunna kwamfutoci, magana ta ƙare da faɗan da Kawu zai yi mini. Na ji maganar ta taso har maƙogwarona. Sai na tuna dattijon jiya, na tuna kuɗin da aka mayar, na tuna cewa ni ne ɗan gida, ni ne wanda Kawu ke nuna wa abokansa yana cewa ga injiniyanmu. Na haɗiye ta.

Kawu mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya yi faɗa sosai, a gaban kwastoma da yaran shagunan maƙwabta da suka leƙo. Ya ce wa yaron ya ci amana, ya ce an ɗauke shi don a taimaki mahaifiyarsa shi kuma ya zo yana kashe wa mutane kasuwa. Ya ce zai riƙe kuɗinsa na sati biyu. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza igiyar makullin nan, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, «Wallahi Alhaji ban sani ba.» Gaskiya ya faɗa, bai sani ba.

Mai gyara ya ce tunda ba a san iyakar abin ba, gara a yi wa duka biyar ɗin fomatin. Aka rufe shago yini ɗaya da rabi a tsakiyar lokacin aiki. Ya kwashe abin da ke foldojin takardu kafin ya goge, amma mai zanen kati yana da wata folda da ya ajiye can cikin C, inda ba wanda zai yi zaton akwai kaya. Zanen katunan biki da na suna da na walima na shekaru, da salon haruffan da ya tattara ɗaya-ɗaya, duk suka tafi. Wannan ma ina wurin aka yi. Garin neman gira na jawo aka rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Na yi kwana shida da abin a cikina. Ina zuwa aiki, ina gaisawa da kowa, ina cin abinci tare da su a kwano ɗaya. Yaron ya daina zama cikinmu, sai ya ɗauki nasa ya koma bayan shago wajen janareta. Na riƙa lallashin kaina cewa abin ya riga ya wuce, faɗar gaskiya yanzu ba za ta dawo da katunan ba.

Rana ta shida bayan azahar ya same ni ni kaɗai. Ya ciro jan filash ɗin daga jikin makulli ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, «Yaya, don Allah ka duba mini. Ka fi mu sani. In da gaske abin yana ciki in jefar da shi, amma ka fara cire mini hotunan bikin yayata, babu su a ko'ina sai nan.»

Na karɓa na soka a kwamfutata. Hotunan biki ne, da karatun Alƙur'ani, da takardun sakamakon jarrabawarsa da ya yi wa sikanin. Na bincika duk da na san abin da zan samu. Na ce masa babu komai, lafiya lau yake. Ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce, «To Yaya, daga ina abin ya zo?» Na ce masa, «Allah ne masani.»

Wannan kalmar ce ta hana ni barci. Yaro ya kawo mini amanarsa saboda ya yarda da ilimina, ni kuma na fake da sunan Allah na rufe ƙaryata. Shirun da na yi a gaban mai gyara zan iya cewa tsoro ne ya zo mini ba shiri. Wannan kuwa da hankalina na yi, ina kallon idonsa.

Bayan isha'i na tafi gidan Kawu, na same shi a ƙofar gida a kan tabarma yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, «Kawu, abin nan da aka samu a kwamfutoci, ni na sa shi. Ba bairos ba ne. Ni na rubuta shi da hannuna.»

Ya rage muryar rediyon. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, «Ranar nan kana wurin?»

Na ce ina wurin.

«Kana ji na gaya wa yaron nan abin da na gaya masa?»

Na ce ina ji.

Ya ce, «Kuɗin gyara ba su dame ni ba, dukiya ce, tana zuwa tana tafiya. Amma ka sa na ci mutuncin ɗan mutane da bakina, kana tsaye. Gobe kafin a tayar da janareta za ka faɗa a gaban kowa. In ka gama ni ma in roƙe shi gafara a gaban kowa.»

Haka aka yi. Na tsaya a tsakiyar shago na faɗi komai, har da ɓoye tambarin da sauya sunan, har da cewa tun ranar farko na gane na yi shiru. Mai zanen kati ya tashi ya fita, bai yi mini magana ba sai bayan sati biyu, kuma yana da gaskiya. Anti ta ce, «Ashe shi ya sa. Ni ina ta zargin hannuna, na ce ko girma ne ya fara kama ni.» Ta ɗan yi shiru ta ƙara da cewa, «Ai da ka tambaye mu, ɗan nan, da mun gaya maka muna aiki da maɓallin.» Kawu ya kira yaron ya mayar masa da kuɗinsa, ya roƙe shi ya yafe masa maganganun da ya yi. Ni ma na roƙe shi. Ya ce, «Ba komai Yaya, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.» Na bi shagunan maƙwabta uku na gaya musu yadda abin yake, domin labarin ya riga ya zaga cewa yaron ne ya sa wa kwamfutocin Alhaji bairos. Kuɗin mai gyara kuma na biya Kawu a hankali daga alawus ɗin hidimar ƙasa. Dattijon nan da 'yarsa su ne ban samu ba. Duk inda yake, har yau a wurinsa yaron nan bai iya aiki ba.

Maganar Anti ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin daga baya na gano cewa su kansu masu KDE, waɗanda na kwaikwaya, sun yi karo da wannan matsalar. A 2020, a fitowar fuskarsu ta Plasma 5.20, sun ɗauke jan taga daga kan Alt suka mayar da shi kan maɓallin nan mai tambarin Windows, saboda manhajojin zane da makamantansu suna buƙatar Alt tare da linzami. GNOME, wata fuskar Linux, shi ma a kan wannan maɓallin ya ajiye nasa. Ashe Alt fili ne da ya riga ya cika da masu shi, ni na zo na kafa rumfa a tsakiya ban yi sallama ba. Shi kansa AutoHotkey ya tanadi hanyar kauce wa haka. Kana iya cewa umarni ya yi aiki a ko'ina ban da cikin manhaja kaza, da #IfWinNotActive a tsohon salo, ko #HotIf a sabon salo na biyu da ya fito a ƙarshen 2022. Akwai umarnin Suspend da za ka ɗora a kan maɓalli ɗaya don dakatar da komai nan take. Duk suna cikin bayanan da na karanta. Na tsallake su ne saboda ni ban da buƙatarsu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin wahalar da na ce zan yi wa magani, Windows ya riga ya ba da maganinta, ba tare da an sa komai ba. Tagar da goshinta ya ɓace, ka danna Alt da maɓallin tazara, sannan M, sai ka jawo ta da maɓallan kibiya. Tun Windows 7 na 2009, maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama yana manna taga a rabin fuska, wanda shi ne ainihin abin da mai kwafar takarda yake so: takarda a hagu, Word a dama. Idan ka haɗa da Shift, taga za ta tsallaka zuwa fuska ta biyu ga mai fuska biyu. A Windows 11 kuma maɓallin Windows da Z yana fito maka da tsare-tsaren jera tagogi ka zaɓa. Da na zauna minti goma na nuna wa Anti da yaron waɗannan, da sun ɗauki wanda ya yi musu sun bar wanda bai yi musu ba. Daga baya na nuna musu. Yaron ya riƙe na rabin fuskar, har yau da shi yake aiki. Anti ta ce ita yadda ta saba ya ishe ta, na ce to.

Bahaushe da ya ga 'yar na'urar nan da ake jan kibiya da ita ya kira ta linzami, kuma ya iya raɗa suna. Doki da mahayinsa sukan saba da juna ta linzami har ya zama ɗan motsin yatsa ya isa. Anti ta yi shekara goma tana gina irin wannan sabon tsakanin hannunta da kwamfutarta. Na kwance mata shi a dare ɗaya, kuma ta zargi kanta.

Ban daina amfani da rubutun ba. Yana nan a kwamfutata ni kaɗai, kuma har yanzu ina jin daɗinsa kullum. Na mayar da shi kan maɓallin Windows. Na cire dabarar rufe taga gaba ɗaya, domin duk abin da zai iya hallaka aikin awa ɗaya bai kamata ya rataya a kan kuskuren yatsa ba. Koren tambarin yana zaune kusa da agogo, fayil ɗin kuma sunansa «jan taga». Idan wani ya ari kwamfutar, kafin in miƙa masa nakan kashe shi ko in gaya masa yana nan. A shagon Kawu kuwa akwai takarda manne a jikin bango bayan kowace kwamfuta, an rubuta abin da aka sa mata da ranar da aka sa da wanda ya sa. Ni na fara rubuta ta, kuma da Kawu ya karanta sai ya sa hannu a ƙasa.

'Yan'uwana matasa da ake kira ku duba kwamfutar ofis, ko ta makaranta, ko ta shago, ko wayar iyayenku, da ku nake. Na san yadda hannu ke ƙaiƙayi idan mutum ya koyi sabuwar dabara. Idan akwai wani abu da ka taɓa sakawa ko ka sauya a na'urar da ba kai kaɗai ke amfani da ita ba, kuma masu ita ba su sani ba, ka je ka gaya musu yau, ka nuna musu inda ake kashe shi.